Tasalla Maginiya da Kariyar Birnin Dausayi

A wani zamani mai tsawo, tun aljanu ba su daina shiga fadar sarakuna da rana tsaka ba, an yi wani sarki a Birnin Dausayi ana ce da shi Mazawaje. Koramu bakwai ne suka kewaye birnin nan, lambuna kuwa tun daga ƙofar gabas har ta yamma da ƙyar rana ke samun inda za ta taɓa ƙasa, saboda inuwar dabino da lemo da gwanda da rumman. Sarki Mazawaje mutum ne mai adalci da sakin hannu, ga kwarjini ga haƙuri, amma yana da wata al'ada da ya gada, wadda ta fi masa rawanin kansa daraja. Kakansa ya taɓa ganin fari na shekara uku har ya binne 'ya'yansa biyu, sai ya rantse cewa muddin zuriyarsa na kan gadon nan, ba wani abu mai rai da zai wuni bai sha ruwa ba a ƙarƙashin ikonsu. Saboda haka sau uku a rana ake buga tambari a ƙofar fada, barori ɗari uku su fito da tuluna, su shayar da mutum da doki da tsuntsu da itace, mai so da wanda ba ya so. Duk wanda ya hana wani abu ruwa a cikin birnin, hukuncinsa a kore shi daga ƙasar. Har sarauta aka yi don wannan aiki, wato Sarkin Ruwa, kuma mai riƙe da ita a lokacin wani ƙaton mutum ne mai tumbi, sunansa Gagare.

To, tausayi ne ya jawo wa Sarki bala'i. Wata rana ya fita kilisa, ya hango wani dutse a arewacin gari, Dutsen Garji, a bushe ƙamas, ba komai a kansa sai waɗansu gajerun itatuwa masu kumburarren gindi. Idanunsa suka kawo ƙwalla, ya ce, "Ashe akwai masu ƙishi a ƙasata ban sani ba!" Nan take ya sa aka haƙa magudana daga korama ta bakwai, aka malale gindin dutsen da duk ramukansa. Bai san dutsen gidan aljanu ne ba.

Kwana uku bayan haka, fada na cike da hakimai da hantsi, sai ga guguwa ta shigo ta zaure, ta tsaya a gaban karaga, ta rikiɗe ta zama wata doguwar tsohuwa busasshiya, idanunta jajawur, tana riƙe da wata 'yar itaciya mai gindi kamar tulu. Ta ce, "Ya kai Sarki Mazawaje, ni ce Uwar Fako, sarauniyar aljanun Dutsen Garji. Shekara dubu muna zaune a busasshen gidanmu lafiya lau, ba mu roƙe ka komai ba. Ka cika mana ɗakuna da ruwa, jikokina suna kwance suna tari. Na san ba da mugunta ka yi ba, shi ya sa ban kife birninka ba. Amma sai ka ɗanɗana irin alherin naka."

Ta juya wajen Yarima Kailani, ɗan Sarki tilo, wanda ke tsaye a daman karaga. Ta hura masa iska, ya sulale ƙasa. Ta tattara numfashinsa a tafin hannunta, ta shafa wa itaciyar, ta ce, "Wannan kariya ce, kuma ran ɗanka na cikinta. Abin da ta sha shi ya sha, ciwonta ciwonsa. In ta yi fure kafin ruwan farko na damina ya taɓa ƙasa, zai farka. In ta mutu, ko ruwa ya riga fure, ku haƙa kabari." Ta dire itaciyar a gaban Sarki, ta koma guguwa, ta fice.

Ai fa sai fada ta rikice. Aka kwantar da Yarima a kan gado, yana numfashi amma ba ya ji ba ya gani. Ita kuwa kariya aka karɓe ta yadda ake karɓar babban baƙo a Dausayi. Aka dasa ta a cikin tasa ta zinariya wadda ko allura ba ta da inda za ta bi, aka cika tasar da baƙar ƙasa mai maiƙo daga bakin korama, aka ajiye ta a soron da ya fi kowane sanyi, aka yi mata rumfa da alharini kada rana ta gan ta. Gagare ya ce sau uku na talakawa ne, ran Yarima sau bakwai za a shayar da shi, da safe ruwan wardi, da yamma madara. Kai jama'a! Da a cikin duk masu manyan rawunan nan akwai mutum ɗaya da ya taɓa hawa dutse da ƙafarsa, da ba a yi wannan aika-aika ba. Wata guda ganye ya yi rawaya, suka ce ƙishi ne, aka ƙara. Wata biyu ganye ya zube, ƙafafun Yarima suka kumbura, suka ce ƙishi ne, aka ƙara. A wata na uku Gagare ya ce tasar ce ta yi kaɗan, a nemo wanda zai gina randar da za ta ci tulu arba'in.

Akwai wata maginiyar tukwane a bayan ganuwa, sunanta Tasalla. Budurwa ce doguwa, baƙa, mai faɗin tafin hannu, ta gaji sana'ar daga uwarta da ta rasu. Duk birnin an san randarta ba ta yoyo, an kuma san bakinta ba ya ɓoye abin da idonta ya gani. Ita aka kira ta zo ta auna itaciyar.

Tun daga bakin soron wani wari ya buge ta, irin na kabewar da ta ruɓe a rumbu. Ta durƙusa ta kai gaisuwa ga Sarki, wanda ke zaune a gefen gadon ɗansa ya rame kamar ba shi ba. Ta dubi Yarima, ta ga fuskarsa ta yi ɗorawa, ƙafafunsa sun yi suntum, tausayi ya kama ta ƙwarai. Sannan ta matsa kusa da tasar, ta danna gindin kariyar da yatsa kamar yadda take danna yumɓu. Yatsa ya lume. Yarima ya yi nishi a kan gado.

Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a yi mini aikin gafara. In randa ake so, zan gina ta cikin kwana goma, amma wallahi kabari zan gina. Can inda nake haƙar yumɓu na sha ganin irin itaciyar nan a kan fa, rana na dukanta, ba mai ba ta ko kurɓi, kuma gindinta da tauri ƙwarai. Wannan kuwa ta yi laushi har tana wari. Ni dai a ganina ruwa ne ke kashe ta."

Gagare ya zabura har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Subhanallahi! Ruwa ke kisa? A gaban jikan mai rantsuwa ake faɗin wannan? Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini in sa a fitar da yarinyar nan."

Sarki ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Tasalla, ya ce, "Ke 'yar nan, kin san maganinta?"

Ta ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, ni tukunya na sani. Amma wadda ta kawo ta ta sani. An tambayi malamai, an tambayi bokaye, an tambayi masu lambu, ita kaɗai ce ba a tambaya ba. A ba ni izini in je. Roƙona ɗaya, a dakatar da ruwan nan kafin in dawo."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ce, "Izini na ba ki. Amma hana ruwa, wannan ya fi ƙarfina, rantsuwar kakana ce. Masu magani sun ce ɗana ba zai wuce kwana bakwai ba. Ki yi sauri."

Tasalla ta fito ranta a ɓace, tana jin tambarin azahar na tashi a bayanta. Ba ta tsaya komai ba, ta ɗauki kwatarniyar da ta fi kowace girma a rumfarta, ta ɗora a ka, ta nufi arewa. Kwana biyu tana tafiya kafin ta isa bakin ruwan da ya kewaye Dutsen Garji. Babu jirgi babu mai fito, don kowa tsoron wurin yake yi. Ta sauke kwatarniyar a kan ruwa, ta shiga ciki ta zauna, ta riƙa tuƙi da tafukan hannunta har ta kai gindin dutsen. Tana taka dutsen, ta ɗaga murya ta yi sallama sau uku. A ta uku guguwa ta taso ta sure ta, ta yi sama da ita tana juyawa, ta dire ta a bakin wata tsaga a ƙwanƙolin dutsen. Tsagar ta buɗe. Tirƙashi! Ashe gari guda ne a ciki, ganuwarsa ta jan dutse, rufinsa a buɗe rana na kwarara, kuma ko'ina ka duba kariya ce dubu bisa dubu, kowace a cikin tsakuwa, gindinta ƙato sumul yana ƙyalli. Uwar Fako na zaune a tsakiya a kan wani fa.

Tasalla ta durƙusa, ta ce, "Kaka, na zo neman ilmi ne. Ki koya mini yadda ake rainon kariya."

Tsohuwar ta yi wata dariya mai kama da tari. Ta ce, "Wata uku nake zaune a nan ina jiran mutum ɗaya daga birnin nan ya zo ya yi tambaya. Wata uku! Ashe sai mai yumɓu a farce za ta zo. To, ba na koya wa wanda hannunsa ba ya ji. Ga gora da ruwa, ga kariya uku. Ɗaya ce kaɗai ke bukatar sha. In kika ba wadda ba ita ba, guguwar da ta kawo ki za ta mai da ke."

Tasalla ta dube su. Ta farko ba ganye ko ɗaya a kanta, sai rassa tsirara, duk ɗan Dausayi da ya gan ta zai ruga da tulu yana salati. Ta biyu shar take da ganye. Ta uku ma da ganyenta, ba abin da ido zai ce. Tasalla ta ce a ranta ido ne ya kai fada ga halaka, sai ta ajiye gorar ta sa hannu. Ta matsa gindin ta farko, ta ji shi cike da tauri, ta gane barci kawai take yi da guzurinta a ciki. Ta tsoma yatsa a ƙasar ta biyu, ta ji danshi tun a gaɓar farko. Ta tsoma a ƙasar ta uku har gaɓa biyu, ta ji a bushe, ta shafa gindin, ta ji ya fara tamoji siriri-siriri. Ta ɗauki gora ta juye mata.

Uwar Fako ta gyaɗa kai, ta ce, "Hannunki na ji. Saura ɗaya. Ga yumɓu, gina mini tukunya mai faɗin baki, marar zurfi."

Nan fa Tasalla ta samu abin da ta iya. Ta cuɗa yumɓu, ta gina wata tukunya wadda ko uwarta ba ta taɓa gina irinta ba, ta goge ta sumul, ta zauna tana kallonta da alfahari. Sai tsohuwar ta miƙo mata tsinke, ta ce, "Huda gindinta, huda biyar."

Tasalla ta ja da baya kamar an miƙo mata maciji. Ta ce, "Haba Kaka! Uwata shekara talatin tana gini, ba a taɓa dawo mata da tukunya an ce tana yoyo ba. A unguwarmu wadda tukunyarta ta yi yoyo har 'ya'yanta ake yi wa gori. Yau ni da hannuna zan huda?"

Tsohuwar ta ce, "To ki koma da mutuncinki, su kuma su binne ɗansu."

Tasalla ta tuna da nishin nan da ta ji a soro. Ta karɓi tsinken tana hawaye don haushi, ta huda, ɗaya, biyu, har biyar. Uwar Fako ta hura wa tukunyar numfashi, nan take ta gasu ta yi ja. Sannan ta ba ta wuƙar dutse mai kaifi, da ƙullin toka daga murhun aljanu, da burgami cike da tsakuwa da rairayi. Ta ce, "Saurara da kyau, 'yar nan. Ki tumɓuke ta daga ƙasar nan tasu. Ki yanke duk inda ya ruɓe har sai kin ga fari tas, kada tausayi ya sa ki bar ko ƙwayar gero. Ki naɗe hannunki, don ruwan jikinta dafi ne, kada ya taɓa miki ido. Ki shafe ciwon da toka, ki shanya ta a inuwa inda iska ke wucewa, kwana bakwai ba ƙasa ba ruwa. Sannan ki dasa ta a tukunyar nan, gindinta a sarari kada ki binne shi, ki kai ta inda rana ta fi zafi. Ki ƙara kwana bakwai kafin ki ba ta sha. Daga nan kuma yatsanki ya san sauran. Itaciyar ba za ta gagare ki ba. Abin da ban sani ba, ko za ki iya da uban."

Guguwa ta ɗauko ta da kayanta ta dire a ƙofar fada, a safiyar kwana na huɗu da tafiyarta. Ta tarar Yarima numfashinsa da ƙyar yake fita. Ta durƙusa ta zayyana wa Sarki duk abin da aka ce, ba ta rage komai ba. Gagare ya ga hudajjiyar tukunya ya riƙe baki, ya ce, "Kwana goma sha huɗu ba ruwa, a cikin fadar Dausayi! Allah ya ba ka nasara, doka ta ce a kore ta."

Tasalla ta ce, "A kore ni, ranka ya daɗe, na yarda. Amma a bari sai na gama. Laifin hana ruwa a kaina yake, ba a kan Sarki ba."

Sarki ya dubi ɗansa, ya dubi tasar zinariya da ruwa ke kwance a samanta, ya ce, "Yi abin da aka ce ki yi."

Ta fito da tasar tsakar fada, ta naɗe hannuwanta da tsumma, ta yi bisimilla ta tumɓuke kariyar. Wohoho! Warin da ya tashi sai da fadawa suka toshe hanci da bakin riga. Saiwoyin sun yi baƙi, suna zuba kamar dafaffen rogo. Ta sa wuƙa ta fara yanka. Duk yankan da ta yi sai a ji Yarima ya yi ƙara daga cikin soro, Sarki ya runtse ido. Ta yanka, ta duba, ta ƙara yankawa, gumi na keto mata. Daga ƙarshe ta zo kan wata babbar saiwa, rabinta fari rabinta baƙi. Hannunta ya tsaya, don ta san wannan yankan zai ci wani abu a jikin Yarima. Ta cije leɓe ta datse ta. Yarima ya ƙwalla ihu, aka fito a guje aka ce ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ya bushe ya faɗi. Tasalla ba ta ɗaga kai ba, ta shafe ciwon da toka, ta kwantar da kariyar a kan zana a inuwar zaure.

Kwanakin nan bakwai su ne mafi tsawo da aka taɓa yi a Dausayi. Tasalla ta shimfiɗa tabarma a gefen zanar, ba ta motsawa. Sau uku a rana tambari ya tashi, barori su zo da tuluna su yi cirko-cirko, ta kore su. A rana ta biyar da azahar, rana na ƙuna, sai ga Sarki da kansa, ba alkyabba ba takalmi, riƙe da butar azurfa. Ya ce, "'Yata, leɓunansa sun tsage. Yanzun nan na ji shi da kunnena yana cewa ruwa, ruwa. Ni ubansa ne. Kauce mini, kurɓi ɗaya kawai."

Tasalla ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da zanar. Ko taku ɗaya ba ta kauce ba. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ciwon bai kame ba. Kurɓi ɗaya ya shiga wurin nan, ruɓa za ta dawo, kuma babu sauran abin da zan yanka. Sai dai ka zuba a kaina. Amma kafin ka zuba, ba ni hannunka."

Fadawa suka zaro ido, don ba a taɓa kama hannun Sarki ba. Ta kama, ta ɗora a kan gindin kariyar, ta ce, "Danna." Ya danna, yatsa bai lume ba. Ta ce, "Yanzu je ka dubi ƙafafunsa, ka bar leɓunan." Sarki ya shiga soro, ya yaye mayafi, ya ga kumburin ya saɓe har idon sawu ya fito. Ya fito ya zauna daɓas a ƙasa a gefen zanar, buta a cinyarsa, ya yi kuka irin na manya, marar sauti. Da ya share ido ya ce, "Ashe haka na yi wa mutanen dutse. Gagare! Tara barorinka ɗari uku, su ajiye tuluna su ɗauki fatanyu. Ku toshe magudanar nan, ku yashe ramukan Dutsen Garji har su bushe." Gagare ya dubi fuskar Sarki, ya juya ya tafi.

Ran kwana bakwai ciwon ya kame ya yi ɓawo. Tasalla ta zuba tsakuwa da rairayi a hudajjiyar tukunya, ta dasa kariyar gindinta a sarari, ta hau da ita kan soron fada inda ba inuwa ko ta tsuntsu. Bayan wani kwana bakwai ta ba ta sha, ta zuba sosai har ruwa ya tsiyaye ta hudojin nan biyar, a ƙasa kuwa aka ga leɓunan Yarima sun yi laushi. Daga nan sai jira. Kullum da safe Sarki ya hawo da butarsa, ya ce, "Yau fa?" Ta tsoma yatsa, ta ce, "Tukuna." Ya sauka da butarsa cike. Wani lokaci sai a yi kwana goma kafin ta ce to.

Bazara ta shigo da zafinta, har yau rassa tsirara. Gajimare ya fara yawo, manoma suna gyaran gonaki suna murna, Tasalla kuwa duk farin gajimaren da ta gani sai ta ruga ta duba rassan. Sai ran nan ta hango wani ɗan tohon fure a kan reshen tsakiya, bai kai ƙwayar wake ba. Ta yi guɗa har aka ji a kasuwa. Kwana uku ya yi tsawon yatsa, ya yi ja a baki, amma a murɗe yake gam.

A rana ta huɗu da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso tana kaɗa dabinai, aka yi tsawa sau biyu, ƙanshin ruwa ya iso tun kafin ruwan. Duk birnin ya fito ya tsaya yana kallon saman soro. Gagare ya hawo yana haki, ya ce, "A buɗe shi da hannu mana! Ga farce, ga fure!" Tasalla ta buge masa hannu, ta ce, "Ka taɓa shi ka kashe Yarima!" Ta juya tukunyar, ta fuskantar da tohon ga yamma, inda sauran rana ke leƙowa ta ƙarƙashin hadari. Sarki ya durƙusa a gefenta yana addu'a a bayyane. Can nesa ana hango ruwa ya tsinke a kan daji, yana matsowa, ya wuce Dutsen Garji, ya kusa korama ta bakwai. A Dausayi dai ko ɗigo bai sauka ba. Sai tohon ya motsa. Ya warware a hankali, kunne ɗaya, biyu, uku, har biyar, bakinsa ja cikinsa fari. Daga ƙasa aka ji atishawa mai ƙarfi, a kan soro kuma ɗigon farko ya faɗo a goshin Tasalla.

Wayyo, zo ka ga gudu! Sarki ya riga kowa sauka, Tasalla na biye da shi rungume da tukunya. Suka tarar da Yarima Kailani zaune a bakin gado yana mutsuttsuke ido. Ya dubi ubansa, ya ce da dusasshiyar murya, "Baba, ƙishi nake ji."

Buta na hannun Sarki, don tun safe bai ajiye ta ba. Ya ɗaga ta, sai ya tsaya cak. Mai koramu bakwai ya waiwayo wajen mai yumɓu a farce, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "'Yata, in ba shi?"

Tasalla ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta ce, "Ba shi, ranka ya daɗe! Wannan mutum ne, kuma da bakinsa ya roƙa." Yarima ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya shanye butar tas.

Maganar kora kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Sarki ya yi kaffarar rantsuwar kakansa, ya sa aka yi shela cewa daga yau duk mai tulu ya tambaya kafin ya zuba. Da Yarima ya samu ƙarfi aka ba shi labari duka, ya zo rumfar Tasalla da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi, ya nemi aurenta a gaban kawunta. Ta dubi ƙafar ta ce, "Ka san ni na yanke maka yatsa?" Ya ce, "Na sani, kuma na ƙirga sauran tara da kika bar mini." Ta ce ta yarda, amma ba za ta bar gini ba. Aka ɗaura aure da kaka bayan girbi, aka yi kwana bakwai ana shagali, Uwar Fako ta zo da jikokinta sun warke sarai. Nan labarin ya tsaya, ni ma nan na ajiye shi.